Neman gurbin digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam da ƙaramin sakamako: abin da ƙa'idoji suka tanada

A duk lokacin da jami'o'in Najeriya suka fitar da sanarwar sayar da fom na karatun gaba da digiri, layi guda ne ke tsayar da dubban matasa, wato layin da ke cewa sai mai digiri da bai gaza daraja ta biyu ba. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko ya tsallake da ƙyar zuwa ƙasan daraja ta biyu, yakan rufe shafin ya haƙura, yana ganin an riga an yanke masa hukunci tun ranar da aka liƙa sakamakon ƙarshe a allon sashe. A fannin ilimin halayyar ɗan Adam abin ya fi ciwo, domin digirin farko shi kaɗai ba ya kai mutum ga aikin duba marasa lafiya a asibiti, sai ya ƙara da na biyu.

Sharaɗin da ke cikin sanarwar gaskiya ne, kuma roƙo ba ya kawar da shi. Amma tsarin da ya gindaya shi ya tanadi wata hanya a rubuce, wadda ta fi tsawo da tsada. Ginshiƙinta shi ne mai nema ya kawo sabon sakamako mai kyau wanda zai zauna a kan tsohon.

Yadda ake karanta lambar

Yawancin jami'o'in ƙasar nan suna auna ɗalibi da ma'auni mai maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi yana samun maki 5, daga 60 zuwa 69 maki 4, daga 50 zuwa 59 maki 3, daga 45 zuwa 49 maki 2, daga 40 zuwa 44 maki 1, abin da ya gaza haka kuma babu komai. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara na dukkan shekaru, a raba da jimillar nauyin, sai a sami abin da ɗalibai ke kira CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ke nan. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu mataki na sama, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu mataki na ƙasa, daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Abin da ya faɗo ƙasa da wannan shi ne digirin da ba shi da daraja, wanda ake kira fas. Ba kowace jami'a ce ta bi wannan ma'auni a duk tarihinta ba. Jami'ar Ibadan, alal misali, ta daɗe tana amfani da ma'auni mai maki bakwai, don haka ya kamata mai nema ya duba bayan takardar sakamakonsa ya ga da wanne aka auna shi.

Lissafin ba ya mantuwa. A ɗauki ɗalibar da ta shiga jami'a daga makarantar gwamnati ta ƙauye, ta kwashe shekara biyu tana fama da Turancin lacca da kariyoba, ta tashi da 1.20. A shekara biyun ƙarshe ta gane hanya, ta riƙa cin 3.40. Idan nauyin darussan ɓangarorin biyu daidai yake, za ta kammala da 2.30, wato daraja ta uku, duk da cewa a darussan da suka fi wuya ta yi aikin da ya kusa taɓa mataki na sama. Takardar shaidar digiri ba ta nuna wannan tashin. Takardar cikakken sakamako, wadda aka fi sani da taranskirif, ita ce ke nuna shi, shi ya sa ta fi shaidar digirin amfani ga mai ƙaramin sakamako.

Akwai kuma abubuwan da lambar ta haɗiye ba tare da ta ambata ba. Wanda ya yi jami'ar gwamnati a 'yan shekarun nan ya zauna a gida kusan wata tara a yajin aikin ASUU na 2020, ya sake zaman wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, sannan aka dawo aka cusa masa zangon karatu a gaggauce. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ya san da haka, domin malaman da ke cikinsa su ne suka yi yajin aikin. Amma sanin bai sauya ƙa'ida ba, kuma bai kamata mai nema ya dogara da shi ba.

Wane reshe kake nufi?

Kafin maganar maki, akwai ruɗanin da ke jawo wa mutane asarar kuɗin fom. A Hausa mukan haɗa kowa mu ce likitan ƙwaƙwalwa, alhali sana'o'i uku ne mabambanta.

Na farko likita ne da ya karanci aikin likita, ya ƙware a cututtukan ƙwaƙwalwa, yana rubuta magani. Babu digiri na biyu a ilimin halayya da zai mayar da mutum shi. Na biyu masanin halayya ne na asibiti, wanda ke gwada majiyyaci da ma'aunai na musamman, ya yi masa jinya ta hanyar zama da tattaunawa. Shi ne ake ɗauka a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware a Sakkwato, kuma hanyarsa ita ce digiri na biyu a reshen asibiti haɗe da horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Na uku mai ba da shawara da jagoranci ne, wanda galibi daga tsangayar ilimi yake fitowa, kuma tun 2022 sana'arsa ta sami dokar da ta kafa mata majalisar kula da masu yin ta.

Bambancin yana da nauyi a Arewa saboda yadda sassan suka rarrabu. Sashen ilimin halayya na farko a Najeriya an buɗe shi ne a Jami'ar Nsukka a 1964, kuma har yau tsofaffin sassan fannin sun fi yawa a Kudu. A Arewa, Jami'ar Jos ce ta daɗe da cikakken sashe, sai jami'o'in jiha da ke Makurdi da Keffi, da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna. Abin da aka fi samu a Zariya da Kano da Sakkwato shi ne reshen halayyar koyo da koyarwa da kuma na ba da shawara, duka a ƙarƙashin tsangayar ilimi. Karatu ne mai daraja, yana kai mutum makarantu da ma'aikatun ilimi da ƙungiyoyin agaji, amma ba shi ne takardar da asibiti ke nema ga masanin halayya ba. Reshen asibiti kuma shi ya fi tsauri wajen ɗauka: guraben kaɗan ne saboda kowane ɗalibi sai an samar masa wurin horo, kuma sassan kan fifita wanda digirinsa na farko a ilimin halayya ne.

Masu mataki na ƙasa

Wanda ke da daraja ta biyu mataki na ƙasa ya cika mafi ƙarancin sharaɗin da akasarin jami'o'i ke rubutawa. Tarkon da ke nan shi ne faɗin darajar: mai 2.45 da mai 3.45 duk suna ɗaya suke amsawa. Saboda haka sassa da yawa kan ƙara nasu shingen, su ce sai mai 3.00 zuwa sama ga digiri na biyu na bincike, su bar na ƙasa da haka ga digirin ƙwarewar aiki. Wannan nau'i na biyu ya fi sauƙin shiga, ya fi tsada, kuma a jami'o'i da dama ba ya kai mutum ga digirin digirgir kai-tsaye. Mai burin koyarwa a jami'a ya tambayi wannan a rubuce kafin ya biya ko sisi.

Inda ake jarabawar tantancewa ko ganawa da masu nema, nan ne mai ƙaramin sakamako ke da damar da ta fi kowace. A ranar kowa sabon maki yake nema, kuma tambayoyin ba sa wuce ginshiƙan fannin: hanyoyin bincike, ƙididdiga, manyan ra'ayoyin masana, da matsalolin ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar ita ce ɗaliban fannin suka fi gudu, ita ce kuma malamai suka fi dubawa, domin wanda bai iya ta ba zai maƙale a kundin bincike ya zame wa mai duba shi kaya.

Masu daraja ta uku

Ga waɗannan, hanyar da tsarin ya amince da ita ita ce diflomar gaba da digiri, wato PGD. Karatu ne na zango biyu a ƙa'ida, kimanin shekara guda idan ba a sami tsaiko ba, kuma an yi shi ne domin mutum uku: mai daraja ta uku, mai babbar difloma ta HND, da wanda ya karanci wani fanni yake son sauya layi. Wanda ya gama da sakamako mai kyau yana iya neman digiri na biyu da shi.

Maganar "sakamako mai kyau" ita ce mutane ke tsallakewa. Samun diflomar kawai bai isa ba. Sassan kan gindaya makin da za a kai, kuma a yawancin jami'o'i makin tsallake darasi a wannan mataki 50 ne, ba 40 ba kamar a digirin farko. Wanda ya shiga PGD da halin da ya yi digirinsa, yana aiki a wani gari yana leƙowa ranar jarabawa, zai fito da takarda ta biyu mai tabbatar da abin da ta farko ta faɗa. A ganina wannan ya fi rashin yin diflomar muni, domin uzurin ƙuruciya da na yajin aiki sun riga sun ƙare.

Abubuwa biyu ya kamata a tabbatar tun kafin sayen fom. Na ɗaya, ko sashen da ake son yin digiri na biyu a cikinsa yana karɓar diflomar wata jami'a, domin wasu sun fi natsuwa da tasu. Mafi aminci shi ne a yi duka biyun a wuri guda, inda malaman da suka koyar da mutum su ne za su zauna a kan takardunsa. Na biyu, ko diflomar ta dace da reshen. Diflomar koyarwa ta PGDE, wadda Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'ar karatu daga gida ta NOUN ke bayarwa, tana buɗe ƙofar tsangayar ilimi ne. Ba ta buɗe ta reshen asibiti.

Mai digirin fas kuwa, sau da yawa ko PGD ɗin ba ta karɓarsa. Abin da ya rage masa shi ne komawa digirin farko ta hanyar shiga kai-tsaye ta hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. Shekara uku ce, kuma ba kowa ke da halinta ba. Amma ga wanda ya karanci wani fanni dabam kuma aikin asibiti yake so da gaske, wani lokaci ita ce ta fi miƙewa, tunda tana magance matsalar maki da ta fanni a lokaci ɗaya.

Sauran takardun ba su da sassauci ga kowa: kiredit biyar a jarabawar kammala sakandare har da Turanci da Lissafi, shaidar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da taranskirif da jami'ar farko za ta aika da kanta. Wannan ta ƙarshen ita ke kashe wa mutane shekara. Ni kaina sai da na yi wata biyar ina zarya tsakanin sashe da ofishin jarabawa kafin a gano fayil ɗina, kuma a layin na haɗu da waɗanda aka ba gurbi na wucin gadi aka janye saboda takardar ba ta iso ba. A nemi ta tun kafin a fitar da sanarwar fom, a kuma karɓi kwafin ɗalibi a duba shi darasi bayan darasi. Akan sami darasin da aka sake aka ci amma ba a shigar ba, kuma gyaran irin wannan kuskure na iya ɗaga mai 2.38 zuwa wata darajar.

Abin da ke ƙara nauyi bayan an haye shingen

Ƙwarewar aiki ba ta maye gurbin makin da aka gindaya, amma tana raba gardama tsakanin mutum biyu da suka cika shi. A nan ɗan Arewa yana da abin nunawa, domin buƙatar a ƙofar gidansa take. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A Borno da Yobe da Adamawa ƙungiyoyin agaji sun shafe shekaru suna ɗaukar matasa aikin kwantar da hankalin waɗanda rikici ya ɗaiɗaita. Shekara guda a irin wannan aiki, ko a sashen jinya na hukumar NDLEA, ko hidimar ƙasa a asibitin ƙwaƙwalwa, abu ne da kwamiti zai gani. Sharaɗin shi ne a sami takarda daga wanda ya kula da aikin, mai faɗin abin da aka yi da tsawon lokacinsa.

Wasiƙun shaida kuma, gara ta malamin da ya duba kundin mutum ya san aikinsa da ta babban farfesan da bai taɓa ganinsa ba. Ta ɗan majalisa ko ta hakimi ba ta da gurbi a nan. Idan an nemi bayanin manufa, a taɓa maganar sakamakon a jimla biyu ko uku: ga abin da ya faru, ga shekarar da aka farfaɗo, ga shaidar. Doguwar kuka ba ta taimako, ɓoyewa ma haka, tunda taranskirif na gaban mai karantawa.

Ƙasashen waje

A Ingila yawancin jami'o'i mataki na sama suke nema, ko da yake da dama suna karɓar na ƙasa. Suna da wani digiri na biyu na sauya layi, na shekara guda, wanda Ƙungiyar Masana Halayya ta Birtaniya ke tantancewa, domin wanda bai karanci fannin ba. Matakin farko ne kawai. Zama masanin asibiti a can sai da digirin digirgir na shekara uku, wanda hukumar lafiyar ƙasar ke ɗaukar nauyin mafi yawan gurabensa domin mazauna ƙasar. Tallafin Chevening yana neman digirin farko da jami'o'in can za su karɓa domin digiri na biyu, da aikin shekara biyu. Na Commonwealth ya bar 'yar kafa: mai mataki na ƙasa na iya nema idan yana da wata shaidar gaba da digiri a fannin. Wato ko a can, sabon sakamakon da aka yi a gida shi ne mabuɗin. Tun Janairun 2024 kuma ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya tafiya da iyalinsa.

A Amurka ma'aunin maki huɗu ne, kuma 3.0 shi ne shingen da makarantu suka saba sawa. Ba a juya makin Najeriya da lissafin kai. Kamfanonin tantance takardu irin su WES ne ke yi, darasi bayan darasi, kuma abin da ke fitowa kan bambanta da abin da mutum ya zata, don haka a yi tantancewar kafin a yanke wa kai hukunci. Wasu makarantun sun fi duba shekara biyun ƙarshe, abin da zai amfani ɗalibar da muka yi misali da ita. Jarabawar GRE, wadda a da mai ƙaramin sakamako ke rama rauninsa da ita, sassa da yawa sun daina nemanta tun daga 2020. Digirin digirgir na reshen asibiti a can yana cikin mafiya wuyar samu ko ga masu daraja ta ɗaya, saboda haka neman sa kai-tsaye da daraja ta uku zubar da kuɗin fom ne da dala.

Tallafin gida ma bai tsaya a kan wannan rukuni ba. Shirin gwamnatin Kano na 2023 na tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a waje masu daraja ta ɗaya ya nema. Na asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne. Na PTDF ya shafi fannonin man fetur. Mai daraja ta uku da aljihunsa zai yi PGD, da aljihunsa zai yi digiri na biyu, a ƙasar da shugabanta ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ba tare da isassun ma'aikatan da za su aiwatar da ita ba. Wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa gwamnonin da ke raba guraben tallafi, musamman na jihohin da rikici ya fi taɓawa.

Gajeriyar hanya da iyakar doguwar

Inda duk aka sami shinge, akwai dillalin da ke sayar da tsani. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Duk wanda ya yi wa mai daraja ta uku tayin "gyara" sakamako, ko sabon digiri ba tare da zama a aji ba, abin da yake sayar masa ke nan. A cikin gida ma a tabbatar hukumar NUC ta amince da jami'ar da kuma shirin kansa, domin amincewa da jami'a ba ya nufin amincewa da kowane kwas da ta tallata.

Doguwar hanyar ma tana da iyakarta. Sakamakon digiri na biyu shi ake dubawa wajen shiga digirin digirgir, kuma abin da aka saba nema shi ne matsakaicin maki 60 cikin 100 ko 3.50, don haka wanda ya fara da daraja ta uku yana iya kaiwa ƙarshen tsanin. Amma darajar farko ba ta gogewa daga fayil. Jami'o'i kan rubuta a tallar ɗaukar ƙananan malamai cewa sai mai daraja ta ɗaya ko mataki na sama, wasu bankuna da manyan kamfanoni ma haka, ko da mai nema ya tara digiri a samanta. Asibitoci da ƙungiyoyin agaji sun fi duba takardar ƙwarewa da horon da aka yi. Idan aka haɗa shekarar PGD da shekara ɗaya da rabi zuwa biyu na digiri na biyu da horon asibiti, mai daraja ta uku da ya sayi fom a bana ya shirya wa aƙalla shekara uku zuwa huɗu kafin ya zauna da majiyyacinsa na farko, idan ba a shiga wani yajin aikin ba.